Kwamfutar da Ta Ƙi Barci: Abin da Ke Tsakanin Linux da Batirin Laftof

Mutum biyu za su iya ɗora Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, iri ɗaya daga filashi ɗaya a kan kwamfutocinsu na tafi-da-gidanka, amma bayan mako guda ka ji labarinsu ya sha bamban kamar ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Na farko zai ce tun da ya rabu da Windows kwamfutarsa ta yi sanyi, fanka ta daina kuka, batir yana kai shi daga hantsi har la'asar. Na biyu zai ce Wi-Fi bai tashi ba sai da ya jona wayar intanet, kyamara baƙi ƙirin take nunawa, kuma ranar da ya rufe murfi ya saka ta a jaka, da ya isa inda za shi ya tarar da ita da zafi kamar an sauke ta daga murhu, batir ya ƙare ƙaf. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma ba lallai ne ɗaya ya fi ɗaya iya aiki ba. Bambancin yana cikin kayan da ke cikin kwamfutar da kowa ya saya, da kuma tambayar ko wani ya taɓa zama ya gwada waɗannan kayan da Linux kafin su bar masana'anta.

An saba raba maganar gida biyu, a ce ga matsalar dacewar kayan ciki, ga kuma matsalar ƙarkon batir. A ganina matsala ɗaya ce mai fuska biyu. Kowane ɓangare na kwamfuta yana da aiki biyu da ake so ya iya: ya yi abin da aka sa shi, sannan ya kwanta ya daina jan wuta da zarar an gama da shi. Na farkon kowa yana gani, domin idan sifika ta yi shiru ba a buƙatar gwani ya faɗa. Na biyun kuwa a ɓoye yake, kuma shi ne yake cinye awoyin batir ba tare da an ga hannunsa ba.

Sunan da ke kan murfin laftof sunan mai harhaɗawa ne kawai. Firosesa galibi daga Intel ko AMD take fitowa, katin Wi-Fi daga Intel ko Realtek ko MediaTek ko Broadcom ko Qualcomm, na'urar karanta zanen yatsa daga wani kamfanin, kyamara daga wani. Kowanne yana buƙatar direba, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakaninsa da babbar manhaja. A ɓangaren Windows, mai ƙera kayan ne yake rubuta direban, mai harhaɗa laftof ɗin kuma ya gwada komai tare, ya gyara abin da ya karkace, sannan a kai kasuwa. A ɓangaren Linux yawancin direbobi suna cikin kanel ne, wato zuciyar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991, kuma ana fitar da sabon kanel kusan kowane mako tara zuwa goma. Wannan tsari yana da alfanu babba ga tsofaffin kwamfutoci, domin direban da ya shiga kanel yakan zauna ana kula da shi shekara da shekaru bayan kamfanin ya manta da kayan. Amma ga sabuwar kwamfuta akwai jira. Linux iri-iri ce, kowace da lokacin sabuntawarta: Debian takan fitar da tsayayyen bugu kusan duk shekara biyu, Ubuntu ma bugunta mai dogon tallafi duk shekara biyu ne a watan Afrilu, alhali Fedora duk wata shida take sabuntawa. Saboda haka laftof ɗin da ya fito bana zai iya ƙin aiki da wata Linux ya kuma yi lafiya lau da wata, ba don komai ba sai don tazarar kanel ɗin da ke cikinsu. Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne, kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya zuwa da katin Wi-Fi daban-daban, gwargwadon abin da masana'anta ta samu a watan da aka haɗa su.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne famwaya, wato manhajar da aka dasa cikin madabod, wadda masu gyara suka fi sani da BIOS. Tun 1996, lokacin da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta mai suna ACPI, famwaya ce take miƙa wa babbar manhaja bayanin yadda za a kunna kowane ɓangare, yadda za a kashe shi, yadda za a karanta batir, da abin da zai faru idan an rufe murfi. A takarda ƙa'idar ta kowa ce. A aikace kuwa, injiniyan da ya rubuta waɗannan bayanai yakan gwada su da Windows, idan ta karɓa ya rufe aiki ya tafi gida, ko da kuwa akwai kuskure a ciki wanda Windows ta kau da kai a kansa. Akwai wata tambaya a cikin ƙa'idar mai suna _OSI, wadda famwaya take yi wa babbar manhaja domin ta san da wa take magana. Idan ta tambayi Linux ko ita ce "Windows 2015", wato Windows 10, sai Linux ta ce ƙwarai ita ce. Idan ta tambaye ta ko ita ce Linux, sai ta ce a'a. Masu kula da kanel sun yanke wannan shawara ne da gangan, bayan sun lura cewa duk lokacin da Linux ta faɗi sunanta na gaskiya, famwaya takan bi da ita ta hanyar da ba wanda ya taɓa gwadawa, ko ta hanyar da aka gina domin kauce wa wata matsala da aka riga aka gyara tuntuni. A kwamfutocin Apple masu firosesar Intel ma haka take yi, sai dai a can sunan Darwin, wato tushen babbar manhajar Apple, take amsawa. Ma'anar wannan ita ce, Linux a kan laftof baƙuwa ce da ta ari rigar 'yar gida, kuma dole ta kwaikwayi halin 'yar gidan har da waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba.

Lissafin batir kansa ba shi da wuya. Ana auna girman batir da wat-awa, ana auna jan wuta da wat, sai a raba na farko da na biyu a sami awoyi. Ɗauki batir mai wat-awa 57, irin wanda ke cikin wasu ThinkPad X1 Carbon. Idan kwamfutar tana jan wat 6 a lokacin rubutu da karatu, za ta yi awa tara da rabi. Idan wani abu a ciki ya ƙara wat 3 kacal, awoyin sun koma shida da 'yan mintoci. Wat 3 ba komai ba ne a idon mai biyan kuɗin wutar gida, amma a nan ya tafi da sulusin awoyin batirin. Daga ina waɗannan wat ɗin suke fitowa? Firosesar zamani tana da matakan hutu masu hawa-hawa, a na Intel ana kiransu PC2, PC3, har zuwa PC8 da PC10, kuma ba ta iya sauka mataki mai zurfi sai duk abin da ke jone da ita ya kwanta tukuna. Kamar uwa ce a ɗaki da yara: idan ɗaya ya ƙi barci, ita ma ba ta runtsa ba. Katin Wi-Fi da bai shiga yanayin tsimin wuta ba, ko ma'ajiyar fayiloli irin ta NVMe da ta ƙi sauka, ko ramin karanta katin memori wanda mai kwamfutar bai taɓa amfani da shi ba ko sau ɗaya, kowanne ya isa ya riƙe firosesa a farke. Duk wanda ya buɗe PowerTOP, manhajar duba cin wuta da Arjan van de Ven na Intel ya fitar a 2007, zai ga wannan da idonsa: idan ya bar kwamfutar ba ta komai amma shafin matakan hutu ya nuna ba ta wuce PC3 ba, to akwai yaron da bai kwanta ba.

An ga misalin wannan a fili a 2011. Da kanel 2.6.38 ya fito a watan Maris na shekarar, wanda Ubuntu 11.04 ta ɗauka, masu laftof da yawa suka fara kukan batir ya ragu. Michael Larabel na shafin labaran Linux mai suna Phoronix ya bi diddigi har ya gano canjin da ya jawo haka, wanda ya shafi ASPM, tsarin da ke kwantar da hanyoyin PCI Express, masu haɗa kayan ciki da firosesa, idan babu abin da ke wucewa ta cikinsu. Famwayar kwamfutoci da dama tana cewa ba ta goyon bayan wannan tsari alhali ita da kanta ta kunna shi, sai Linux ta ɗauki maganarta da gaske ta kashe shi gaba ɗaya. Matthew Garrett, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Linux na Red Hat, shi ya kawo gyaran a ƙarshen shekarar, kuma gyaran bai wuce kwaikwayon abin da ake kyautata zaton Windows tana yi ba, wato idan famwaya ta ce kada a taɓa, a bar abin yadda ta saita shi. Layuka kaɗan ne na rubutu, amma sai da aka kwashe watanni ana ɗaukar caja ko'ina.

Kwamfutar da ta yi zafi a jaka kuwa labarin barci ne. A da, idan aka rufe murfi, laftof yakan shiga yanayin da ake kira S3: famwaya ta kashe kusan komai, ta bar wa RAM, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, 'yar wutar da za ta riƙe abin da ke cikinta. Tun daga Windows 8 a 2012 Microsoft ta fara tura masana'antu zuwa wani salo daban, wanda daga baya aka sa wa suna Modern Standby, inda kwamfuta take yin kamar wayar hannu: ba ta mutu ba, kowane ɓangare ne yake kwantawa da kansa, domin ta farka nan take. Linux tana da takwaransa mai suna s2idle, kuma mai son sanin wanda kwamfutarsa take amfani da shi zai iya karanta fayil ɗin /sys/power/mem_sleep. Matsalar ita ce, a S3 famwaya ce take tilasta wa kowa kwanciya, amma a sabon salon nauyin ya koma kan direbobi, kuma direba ɗaya da ya gaza ya isa ya sa sikirin ya mutu alhali ciki yana ci gaba da cin wuta. Da Lenovo ta fitar da X1 Carbon na shida a 2018 babu S3 a ciki, sai da koke ya yi yawa ta sabunta BIOS ta ƙara zaɓin yanayin barci na Linux. Yawancin sababbin laftof na yau ba su da S3 kwata-kwata, ko kuma suna da shi a suna amma ba wanda ya gwada shi. Adalci ne a faɗi cewa masu Windows ma suna kuka da wannan salon barci, kuma Intel da AMD duka sun zuba aiki sosai wajen gyara s2idle a 'yan shekarun nan, har a kwamfutoci da yawa ya zama abin dogaro. Wanda ya ce zai kauce wa duk wannan ta hanyar dogon barci, inda ake kwashe abin da ke RAM a ajiye a faifai a kashe kwamfutar ɗungurungum, zai tarar cewa Ubuntu da Fedora suna toshe shi muddin tsarin tsaron BIOS mai suna Secure Boot yana kunne.

Katin hoto na biyu shi ne babban gwanin cin batir. A 2010 Nvidia ta fito da Optimus, tsarin da ke sa laftof ya yi aikin yau da kullum da ƙaramin katin hoto na cikin firosesa, ya tayar da babban katin sai lokacin wasa ko aiki mai nauyi. Shekaru da dama babu tallafin wannan a Linux daga kamfanin, sai dabarun 'yan sa-kai irin su Bumblebee, kuma tambaya a kan Optimus ce ta sa Torvalds ya fito fili a Jami'ar Aalto a 2012 ya kira Nvidia kamfani mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi. Abubuwa sun sauya tun daga lokacin. A 2019 direban kamfanin ya fara iya miƙa aiki tsakanin katunan biyu da kuma kashe babban idan ba ya komai, amma kashewar ta atomatik ta fara ne daga zuriyar katunan da ake kira Turing zuwa sama, sannan a 2022 aka buɗe lambobin ɓangaren direban da ke shiga kanel. Duk da haka, a laftof ɗin wasanni da yawa ramin HDMI kai tsaye yake jone da katin Nvidia, don haka da zarar an haɗa sikirin na waje katin ya tashi ke nan, ba zai kwanta ba sai an cire.

Kallon bidiyo ma yana da nasa sirrin. Cikin kowace firosesar zamani akwai wani ɗan sashe da aka keɓe domin warware bidiyo da wuta kaɗan, kuma idan burauza ba ta isa gare shi ba sai firosesa ta yi aikin da ƙarfin tuwo. Hoton zai fito daidai, mai kallo ba zai ga bambanci ba, sai dai ya ji fanka ta taso. Sai a Firefox 115, a 2023, aka kunna wannan hanya kai tsaye ga masu katin Intel a Linux. A ɗaya gefen kuma Fedora ta cire warware bidiyo nau'in H.264 da H.265 daga direbobin katin hoto na Mesa da take rarrabawa a 2022 saboda tsoron shari'ar haƙƙin ƙirƙira, abin da ya fi shafar masu AMD, sai mutum ya je ya ɗauko daga RPM Fusion, rumbun manhajoji na 'yan sa-kai. A nan lauyoyi ne suka rage wa mutane batir.

Sauran kayan ba sa buƙatar dogon bayani. Wi-Fi, wanda a da shi ne abin tsoro har ana aron direban Windows ta NDISwrapper, yanzu ya yi sauƙi, musamman katunan Intel, kuma tun Debian 12 a 2023 ita ma Debian ta fara saka famwayar katunan, wadda kamfanoni ba su buɗe lambobinta ba, a cikin faifan girkawa. Na'urar zanen yatsa sa'a ce, wata tana aiki wata ba ta yi. Sababbin kyamarori masu bi ta IPU6, sashen sarrafa hoto na Intel, sun daɗe a mace, sai a kanel 6.10 na 2024 aka shigar da ɓangaren karɓar hoto, kuma sarrafa hoton a buɗaɗɗiyar hanya a wancan lokacin firosesa ce take ɗaukar nauyinsa, wanda shi ma cin batir ne. Idan kuma faifan girkawa ya ce bai ga ma'ajiya ba sam, galibi BIOS ce take kan yanayin RAID na Intel, a mayar da saitin ma'ajiyar zuwa yanayin AHCI.

Game da manhajojin tsimin wuta irin su TLP da power-profiles-daemon, ra'ayina shi ne ana ɗora musu buri fiye da ƙarfinsu. Abin da suke yi bai wuce murɗa maɓallan da kanel ya riga ya tanada ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan maɓallan yanzu a kunne suke zuwa, sakamakon aikin mutane irin su Hans de Goede wanda ya sa Fedora 28 ta fara kwantar da SATA, hanyar da ma'ajiya ke jone da ita, da kanta a 2018. A kwamfutocin AMD ma direban amd-pstate, wanda ya shiga kanel a 2022, ya ɗauke wani kaso na abin da a da ake yi da hannu. Haɗa TLP da power-profiles-daemon a kwamfuta ɗaya kuskure ne, domin kowanne zai riƙa warware abin da ɗayan ya ƙulla. Haka kuma wanda ya sa PowerTOP ta kunna komai a makance, kada ya yi mamaki idan linzamin USB ya fara yin barci a hannunsa.

Abin da ya fi duk waɗannan dabaru tasiri shi ne kamfani ya gwada kayansa da Linux tun daga masana'anta. Dell ta fara sayar da XPS 13 mai ɗauke da Ubuntu a 2012, Lenovo ta faɗaɗa tallafinta ga Ubuntu da Fedora da Red Hat a 2020, ga kuma ƙananan kamfanoni irin su System76 a Amurka da Tuxedo a Jamus waɗanda Linux ce sana'arsu. Tsarin LVFS da Richard Hughes ya kafa a 2015 ya ba kamfanoni hanyar aika sabunta BIOS kai tsaye zuwa masu Linux, abin da a da galibi sai an koma Windows ake samu. Kishiyar wannan ita ce Mac mai firosesar M1 da M2, inda Apple ba ta ba da takardun bayani ba, sai 'yan aikin Asahi Linux suka riƙa tono yadda kowane ɓangare yake aiki da kansu. Sun daɗe da barin sifikokin a kashe da gangan, domin sun gano cewa manhaja ce take kare su daga ƙonewa, kuma ba su kunna su ba sai da suka rubuta tasu manhajar mai lura da zafinsu.

Duk wannan yana da amfani na kusa ga mai sayen laftof na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka suna cika shaguna a Ikeja da titin Beirut a Kano. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesar Intel ta zuriya ta takwas zuwa sama, don haka ThinkPad T470 da Latitude 7480 da EliteBook 840 G4 duk an bar su a baya. Su ne kuwa irin kwamfutocin da Linux ta fi sani, domin na ofis ne, an yi su da yawa, kuma an yi shekaru ana gyara direbobinsu. Sai dai a irinsu a binciki batirin kansa kafin a ɗora wa manhaja laifi. A cikin /sys/class/power_supply/BAT0 akwai fayiloli biyu, energy_full_design da energy_full, ko charge_full_design da charge_full a wasu kwamfutocin: na farko abin da batir yake ɗauka yana sabo, na biyu abin da ya rage masa yau. Idan na biyun rabin na farko ne, babu saitin da zai dawo da shi. T470 batir biyu gare ta, na ciki da na waje, don haka a duba BAT1 ma. Kwamfutoci da yawa suna ba da damar tsayar da caji a kashi 80 cikin ɗari domin batir ya daɗe bai lalace ba, kuma GNOME 48, fuskar da Ubuntu da Fedora suke zuwa da ita, ta kawo maɓallin yin haka a 2025, amma wanda ba ya sanin lokacin da za a ɗauke wuta ko a kawo ta, shi kaɗai zai auna ko zai iya sadaukar da wannan kashi 20 ɗin.

Gwajin da ya fi kowane tabbaci daga bakin mai shago shi ne a je da filashi mai ɗauke da Linux, a tayar da kwamfutar daga shi ba tare da an girka komai ba. A haɗa Wi-Fi, a kunna sauti ta sifika da kuma ta abin kunne, a buɗe kyamara, a ƙara haske a rage. Sannan a cire caja, a rubuta kason batir a takarda, a rufe murfi a bar ta rabin awa, a dawo a taɓa ƙasanta da tafin hannu kafin a buɗe.